Filin Sana'a da Iyali: Neman Halal da Ƙirƙirarriyar Basira

 

Maganarmu ta yau a kan wata baƙuwa ce da ta shigo gidajenmu ta cikin wayar salula, wato ƙirƙirarriyar basira, wadda masu jin Faransanci suke taƙaita sunanta da IA. Tun ranar 30 ga watan Nuwamba na 2022, da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da ChatGPT, sauran kamfanoni suka biyo baya da nasu, irin su Gemini na Google, har ta kai yaro yana zaune a zaure a Maraɗi ko Damagaram ya rubuta tambaya, ta ba shi amsa kafin shayi ya tafasa. Samari suna ta cewa akwai kuɗi a cikinta. Iyaye kuma suna tambaya ko gaskiya ne, kuma in gaskiya ne, ko kuɗin na halal ne. Amsa a taƙaice ita ce: akwai abinci a cikinta, amma ga wanda yake da abin da ya iya. Misalinta kamar keken ɗinki ne. Yana ƙara wa tela sauri, amma wanda bai iya awo da yanka ba, ko an saya masa sabon keke, yadin mutane kawai zai ɓata.

Ya kamata mu fara sanin yadda take aiki, domin a nan amfaninta da hatsarinta suka samo asali. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, daga cikinsu ta koyi kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Saboda haka ta ƙware wajen tsara zance, amma ba ta da tsoron Allah da zai hana ta ƙarya. Idan ba ta san abu ba, takan ƙaga shi, ta faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. A shekarar 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dalar Amurka 5,000, domin sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙirƙira musu, waɗanda ba a taɓa yanke su ba. Bayan haka, yawancin abin da ta karanta da Ingilishi da Faransanci da sauran manyan harsuna yake, rubutun Hausa kuwa kaɗan ne a intanet, shi ya sa Hausarta take ɗingishi. Wannan rauni nata shi ne ƙofar samun ƴaƴanmu, domin duk inda ta gaza ana bukatar mutum.

Ƙofa ta farko ita ce rubuta wa jama'a takardu. Dattawanmu suna tune da masu rubuta wasiƙa da suke kafa tebur a bakin gidan waya ko ofishin magajin gari. Bukatar nan ba ta mutu ba. Har gobe akwai mai neman a rubuta masa takardar neman aiki, ko ta koke, ko ta yarjejeniyar haya, da Faransanci mai kyau. Matashin da ya yi boko yana iya sauraron mai bukata da Hausa, ya sa na'ura ta tsara masa zubin farko, sannan ya bi shi layi-layi ya gyara sunaye da ranaku da adadin kuɗi, ya karanta wa mai ita da Hausa kafin ya sa hannu. Aikin da a da yake cin yini, yanzu ana gama shi kafin azahar. Ladar da yake karɓa ta sauraron ce da dubawar, ba ta danna waya ba.

Ƙofa ta biyu ita ce fassara da mayar da magana rubutu. Google ya sa Hausa cikin fassararsa tun 2013, kuma na'urorin sun ƙara gogewa daga baya, amma har yanzu ba a sakar musu aiki. Ga misali daga kasuwa: idan mai tumatir a Nijar ta ce dala ashirin, kowa ya san sefa 100 take nufi, tun da dala ɗaya sefa 5 ce. Na'ura tana iya mayar da ita dalar Amurka ashirin, kuma idan aka ce jikka, ba lalle ta gane sefa 1,000 ake nufi ba. A takardar bashi ko ta gado, kuskure irin wannan yana raba zumunta. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk wanda ya riƙe Hausa da Faransanci da kyau, ya iya rubutun Hausa bisa ƙa'ida da ɗ da ƙ da ɓ, yana da haja a hannu wadda gidajen rediyo da ƙungiyoyi da masu wallafa suke bukata.

Ƙofa ta uku ta iyayenmu mata ce da ƴan'uwanmu masu sana'a a cikin gida: mai turaren wuta, mai ƙuli-ƙuli, mai ɗinki, mai dambun nama. Na'urar tana iya tsara musu kalmomin talla da za a aika ta WhatsApp, ta gyara hasken hoton kaya, ta taimaka wajen lissafin uwar kuɗi da riba. Ɗiyar gida da ta iya wannan tana iya yi wa maƙwabta biyar ko goma a kan lada ƙayyadadde, ba tare da ta bar karatunta ba. Sai dai akwai sharaɗi: hoton ya zama na kayan da za a miƙa wa mai saye. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, sai ya tsawata masa a kan ɓoye shi, ya kuma barranta daga mai algus. Ƙawata hoto har ya ɓoye aibin kaya shi ne jiƙaƙƙen hatsin wannan zamani.

Akwai kuma aikin da kamfanonin waje suke bayarwa ta intanet, na naɗar murya ko duba amsoshin na'ura domin a koya mata harshe. Aiki ne halal in abin da ake dubawa tsabtatacce ne, amma kada a gina gida a kansa, domin yau akwai, gobe babu, ladarsa kuma sau da yawa ba ta taka kara ta karya ba. A watan Janairu na 2023 mujallar Time ta bayyana cewa an biya wasu ma'aikata a Kenya ƙasa da dalar Amurka 2 a awa, suna tace munanan rubuce-rubuce domin tsabtace ChatGPT. A tambayi lada da hanyar biya tun kafin a fara.

Yanzu ga iyakokin da bai kamata Musulmi ya ƙetare ba. Rubuta wa ɗalibi aikin da za a ba shi shaida a kansa taimako ne a kan yaudara, kuma gobe shi ne likitan da zai duba ɗanka. Kwaikwayon muryar wani ko haɗa hotonsa da abin da bai aikata ba ƙage ne, ko da an kira shi wasa. Asirin wanda ya kawo maka takardarsa amana ne. Abin da aka rubuta wa na'ura yana tafiya wurin kamfanin da ya mallake ta, don haka a cire sunaye da lambobin katin shaida kafin a shigar. Sannan kada a ɗauki aya ko hadisi ko fatawa daga bakinta a yaɗa, balle a sayar, sai malami ya duba, tun da mun ga tana ƙaga abin da babu.

A kuma yi hattara da masu cewa kawo kuɗinka, ƙirƙirarriyar basira za ta juya maka su kana barci. A watan Afrilu na 2025 wani dandali mai suna CBEX, wanda ya yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi da wannan da'awa, ya rufe a Najeriya, jama'a masu yawa suka rasa dukiyarsu. Alamar tarkon ba ta ɓuya: a ce sai ka biya kafin ka fara aiki, ko ribarka ta dogara ga mutanen da ka jawo. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shawararmu ga magidanta ita ce, idan yaro ya ce a saya masa waya domin wannan sana'a, a zauna da shi a yi masa tambaya uku: me ka iya, wa zai biya ka, kuma nawa zai rage bayan kuɗin intanet da caji da buga takarda? In ya amsa, a tallafa masa, ya fara da mutanen unguwa waɗanda suka san gidansu. In bai amsa ba, a mayar da shi ga koyon harshe ko lissafi ko sana'ar hannu tukuna. Sahabi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya yarda da shi, da ya isa Madina hannu wofi, hanyar kasuwa ya nemi a nuna masa, kuma ya yi arziki domin ya zo da sanin ciniki da gaskiya a tare da shi. Kasuwa ta sake kama, amma guzurin shiga cikinta yana nan yadda yake.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, Ya tsare mu da zuriyarmu daga haram. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.