Kujerar Sanatan Kano ta Kudu: Ina Karaye da Rogo Suka Dosa?

Tun kafin a kaɗa gangar zaɓen 2027, zancen kujerar Sanatan Kano ta Kudu ya cika majalisun hira a Karaye da Rogo. Mazaɓar tana da ƙananan hukumomi 16, tun daga Ajingi da Gaya a gabas har zuwa Rogo a iyakar Kaduna da Katsina, kuma duk mai son ya san wanda zai kai labari, to ya fara da duba tarihinta.

Daga 1999 zuwa zaɓen 2023 mutum huɗu ne suka hau kujerar. Masa'ud El-Jibrin Doguwa ya ci ta a PDP a 1999, Usman Umar Kibiya ya karɓa a ANPP a 2003, sannan Kabiru Ibrahim Gaya ya riƙe ta shekara 16 cur, daga 2007 zuwa 2023, lokacin da Abdurrahman Kawu Sumaila na NNPP ya kayar da shi da ƙuri'a 319,857 a kan 192,518. Mai karatu zai lura babu ɗan Karaye ko ɗan Rogo ko ɗaya a cikinsu. Yankin nan ya saba ɗora wasu a kan doki, shi kuwa yana bin su a ƙasa.

Kawu Sumaila ne za a fara aunawa, domin shi ya ci zaɓen da ya wuce. Ya wakilci Sumaila da Takai a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya kuma yi wa Shugaba Buhari mataimaki kan harkokin majalisa, saboda haka ba baƙo ba ne a Abuja. Sai dai tazarar da ya bayar a 2023 ta zo ne a shekarar da guguwar Kwankwasiyya ta share Kano, kuma a 2025 ya bar NNPP ya koma APC. Tambayar ita ce, cikin ƙuri'un nan nawa ne nasa na kansa, nawa ne kuma na jar hula? Zaɓe mai zuwa ne kaɗai zai raba wannan gardama.

Shi kuwa Kabiru Gaya, wanda ya yi gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993 a NRC, babu ƙauyen da ba a san sunansa ba a mazaɓar. Amma abin da ya ba shi ƙarfi shi ne kuma ya zame masa nauyi, domin bayan shekara 16 jama'a sun nuna a fili cewa suna son canji, kuma matasan da suka fara zaɓe a 'yan shekarun nan ba su ga mulkinsa na gwamna ba.

Akwai kuma jiga-jigan Majalisar Wakilai waɗanda ba a lissafin Kano ta Kudu ba tare da su ba, ko sun tsaya ko ba su tsaya ba. Alhassan Ado Doguwa ya yi shugaban masu rinjaye daga 2019 zuwa 2023, Kabiru Alhassan Rurum ya yi kakakin Majalisar Dokokin Kano kafin ya tafi Abuja daga Rano, Bunkure da Kibiya, sai Abdulmumin Jibrin Kofa na Kiru da Bebeji, maƙwabcin Karaye. Kowannensu sarki ne a gidansa, amma ƙananan hukumomi biyu ko uku ba su isa su kai mutum Majalisar Dattawa ba. Dole ya ƙetara ya nemi goyon bayan waɗanda ba su da ɗan takara nasu.

A nan ne darajar Karaye da Rogo take. Idan gabas ta fitar da nata, kudu ta fitar da nata, ƙuri'ar yamma ce za ta iya zama raba gardama. Masu neman kujerar sun san haka. Mu ne muke mantawa, har mu sayar da ita a kan sabulu da atamfa.

Kuma muna da abin tambaya. An kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye tun 1992, to wane shiri ɗan takara yake da shi domin manoman rani da masunta su ci moriyarta sosai? Masarautar Karaye da aka kafa a 2019, aka rushe a watan Mayu na 2024, sannan aka dawo da ita da daraja ta biyu mai ƙananan hukumomi biyu, ta koya mana cewa abin da siyasa ta bayar da safe tana iya karɓewa da yamma. Hanya mai kyau da asibiti da makaranta su ne ba a rushe su da alƙalami.

Ga 'yan'uwa masu bi da ke ƙauyukan Rogo, Karaye, Sumaila da Tudun Wada, kada ƙarancinmu ya sa mu naɗe hannu. A zaɓen da aka yi kankankan, ƙauye ɗaya ma abin nema ne. Kowa ya tabbata katinsa yana hannu, mu zauna da maƙwabtanmu Musulmi mu tsara buƙatunmu tare, tun da rijiya ɗaya muke sha, hanya ɗaya muke bi zuwa kasuwa. Ba aikin ikkilisiya ba ne ta nuna wa kowa jam'iyya, amma aikinta ne ta tuna mana cewa ƙuri'a amana ce. Duk wanda ya zo neman ta, a tambaye shi abin da ya yi wa yankin nan jiya kafin a saurari alkawarin gobe.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, amin.