Kafin Mu Ɗaga Motar Ƙungiya Sama

'Yan'uwa manoma, kowace shekara in damina ta kusa, magana ɗaya takan taso a taron ƙungiyoyinmu na gama kai: a ɗaga a-kori-kurar ƙungiya sama, a sa mata manyan tayoyi masu haƙora, a liƙa mata babban ƙarfe a gaba, domin ta daina kafewa a taɓo. Masu wannan shawara suna da dalili. Sun ga taki ya kwana a bakin rafi a watan Yuli, sun ga an ɗauki mai naƙuda a kan babur domin mota ta kasa shiga gari. Duk da haka ra'ayinmu shi ne, motar da take aiki kullum a yi mata gyara kaɗan wanda ya dace, kada a mai da ita motar daji. Ga dalilanmu.

Da fari mu tambayi littafin direba inda motar take yini. A yawancin ƙungiyoyi za a tarar kwalta da burji ne suka cinye tafiyar: kasuwa, ɗauko taki da iri, injin niƙa, asibiti. Mugun wurin da ake tsoro sau da yawa bai wuce kilomita kaɗan ba, kuma watanni uku ko huɗu ne kawai yake da wuya. Ita kuwa motar da aka gyara don wannan wuri, duk shekara za ta riƙa cin kuɗin gyaran. Taya mai manyan haƙora tana cinyewa da sauri a kan kwalta, ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta da kyau, tana kuma ƙara shan mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, babu ma'ajin da bai san zafin kuɗin mai ba.

Sai batun ɗagawa. Abin da ya fi kusa da ƙasa a ƙarƙashin a-kori-kura shi ne ƙullin ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙafafun baya, inda haƙoran da ke juya tayoyi suke. Ko an ɗaga bodi, ko an ƙara wa sifirin tsawo, wannan ƙulli yana nan inda yake, shi ne kuwa yake zama a kan tudun tsakiyar hanya. Taya ce kaɗai take ɗaga shi, ita ma da rabin abin da ta ƙaru. Watau in an cire taya mai tsayin inci 30 aka sa mai inci 33, inci ɗaya da rabi kacal aka samu. A madadin wannan, inji zai ƙara wahala wajen tashi da kaya a hawa, kuloci zai ƙone da wuri, birki zai ƙara nisa kafin ya tsai da mota. Akwai kuma hasarar da ba a gani. Agogon da ke ƙidaya tafiya zai nuna kilomita 100 alhali an yi 110, don haka ƙungiyar da take ba da hayar motarta bisa ga kilomita za ta riƙa yafe kilomita 10 a kan kowane 100 da ta karɓi kuɗinsa, ba da saninta ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne rai. Mota in ta yi tsawo, nauyinta ya hau sama, ba ta da wuyar kifewa a kwana ko a gefen kwazazzabo. Mun kuwa san yadda motocinmu suke dawowa ran kasuwa: buhuna a jibge, mutane a zaune bisa buhunan. Matan ƙungiya ne da 'ya'yanmu a can sama. Inci ɗaya da rabi bai kai a sa su cikin wannan hatsari ba.

Haka nan ƙarin ganyen sifirin da masu walda suke yi. Irin waɗannan motoci an yi su ne don kayan da bai wuce wajen tan ɗaya ba, har da direba da fasinjoji. Tan ɗaya kuwa buhun masara 10 ne mai kilo 100, ko buhun taki 20 mai kilo 50. Ƙarin ganye yana hana bayan mota durƙushewa, sai ido ya ga kamar ta iya ɗaukar buhu 18. Amma birki, da boris, da tayoyi, da ƙashin motar duk ba su canja ba. Nauyin da sifirin ya ƙi lanƙwasawa dominsa, ƙashin mota ne yake sha, har wata rana ya tsage. Babban ƙarfen gaba da injin jan igiya su ma nauyi ne, kowane kilo nasu a cikin tan ɗin nan ake cire shi. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Dattawanmu sun tuna da Fijo 404 da 504 na kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Ƙafafun baya kaɗai suke ja, ba wanda ya ɗaga su, amma sun shiga ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Tangale, gama direbobinsu sun san hanya, sun san lokacin da za su tsaya su jira ruwa ya janye. Toyota Hilux da muke gani ko'ina yau ta fito a 1968, sai a 1979 aka yi mai ja da ƙafa huɗu. In motar ƙungiya mai ja da ƙafa biyu ce, babu girman tayar da zai mai da ita mai huɗu. In kuwa mai huɗu ce, irin wadda direba ke sa giyar da hannu, a cire giyar nan da zarar an hau busasshiyar kwalta, in ba haka ba haƙoran ciki za su ci juna.

To, ina ya kamata kuɗin ya tafi? Na farko, tayoyi masu kyau irin na kwalta da daji, daidai girman da kamfani ya rubuta, tare da safaya mai lafiya. A duba lambobi huɗu da ke jikin taya: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo da ta tsufa, ko haƙoranta suna da kyau, a bar ta. Na biyu, sabbin shokazoba da sifirin irin na ainihi. Na uku, farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da tankin mai, domin dutse ɗaya ya isa ya fasa kaskon man inji. Na huɗu, a sa makaniki ya ƙara doguwar tiyo a ƙofar shan iskar ƙullin baya, ya ɗaure bakinta a sama, gama ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwa yakan zuƙi ruwan ciki, man ya koma kamar madara. Na biyar, shebur, da jak mai ƙarfi, da katakai biyu, da igiyar ja, da famfo da gejin iska. A rairayi a rage iskar taya, kafin a hau kwalta a mayar. In za a ja mota, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin ƙashinta, kada a ɗaura a bamba.

Game da rafi, bututun shan iska da ake kafawa a gefen gilashi ba ya mai da mota jirgin ruwa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya tafiya da yawancin motoci. Ƙungiya ta kafa doka: direba ba zai shiga ruwan da mutum bai fara takawa da sanda ba, ba kuwa wanda zai tsauta masa don ya kwana a ƙetare.

Mun yarda akwai garuruwan kan dutse da na bayan fadama inda wannan duka ba zai isa ba. Ko a can, sau da yawa ya fi sauƙi a kwaso taki tun watan Afrilu ko Mayu kafin hanya ta lalace, a ajiye a sito, ƙarshen tafiya kuma a bar wa amalanke ko tarakta. Kuɗin manyan tayoyi huɗu in an zuba shi a duwatsu da kwalbati a mugun wurin nan, tare da aikin gayya na kwana biyu ko uku, kowace mota da babur da keken garin za su amfana, shekara da shekaru.

Saboda haka muna roƙon shugabanni, kafin a ba makaniki ko kwabo, a kawo littafin direba gaban taro a ƙidaya tafiyar bara: nawa a kwalta, nawa a daji, sau nawa motar ta kafe, a ina kuma. In wuri ɗaya ne ko biyu, a sa ranar gayya tun ruwa bai sauka ba.