Awon sukari: a tuna da zafin ƙasarmu

Yau da yawa cikinmu sun san ƴar na'urar nan ta awon sukarin jini. A soki yatsa, a ɗiga jini bisa wani ɗan tsinke da likitoci ke ce ma bandelet, sai lamba ta fito. In mutum bai ci komi ba tun dare, aka sake awo wata rana, lambar ta kai giram 1,26 cikin litar jini ko ta wuce, to ciwon sukari ne.

Aikin duka cikin tsinken nan yake. An shafa mashi wani sinadari mai suna anzim, wanda ake samu daga ƙananan halittu irin su funfuna. Anzim ɗin shi ke kama sukari, daga nan wata ƴar wutar lantarki ta taso, na'ura ta ƙidaya ta. Sukari da yawa, wuta da yawa. Wani masani na Amurka, Leland Clark, da abokin aikinsa suka kawo dabarar a 1962. Na'urar gida mai aiki da ita ta shiga kasuwa a 1987.

Ga inda gizo ke saƙa. Anzim ba ya jimre zafi da laima. Takardar kwalin galibi tana cewa kar a aje shi inda zafi ya wuce digiri 30. Mu kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, Tawa da Damagaram suna wuce 40 a inuwa. Tsinken da ya lalace ba ya sake kama, ba ya wari. Lambar ƙarya kawai yake ba da wa, mara lafiya ya ƙara magani ko ya rage bisa kuskure.

Shi ya sa muke sa ido ga binciken da ake yi kan tsatsar ƙarafa. Masana na sarrafa tsatsar jan ƙarfe, ta nikel da ta tutiya, su maida ta zaruruwa da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera ɗaruruwa kafin su kai kaurin gashin kai guda. Kowace mace ta san garin gero ya fi tsaba saurin shan ruwa. Haka ƙanƙantar ƙwayoyin ke sa sukari ya samu wurin taɓawa da yawa. Ta jan ƙarfe da ta nikel suna iya kama sukari ba tare da anzim ba, kuma zafi bai cika damunsu ba. Amma akasarinsu cikin ruwa mai kaifi irin na toka suke aiki sosai, jini kuwa ba haka yake ba. Don haka har yanzu suna ɗakunan bincike.

A ganinmu, masanan sun fi mai da hankali ga gano sukari komi ƙanƙantarsa. Manomin da ke nesa da likita abin da yake bukata shi ne tsinken da zai kwana wata shida cikin ɗakin kwano, ya faɗi gaskiya, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfinsa ba. Da wannan ma'auni ya kamata a gwada aikinsu.

Kafin lokacin, mu sayi tsinkayen a farmasi, kar mu saya wurin masu tallar magani cikin rana. Mu duba ranar ƙarewarsu; wannan aiki ne na ɗaliban yaƙi da jahilci, su karanta ma maƙwabta. In an ɗauki ɗaya, a rufe kwalbar nan take, a aje ta ɗakin ƙasa mai sanyi, nesa da murhu da jiɓin randa.