Haƙoran Kyamara

A watan Disamban bara, lokacin da bukukuwan aure suka yi yawa a Kaduna har mutum kan rasa wanda zai je ya bar wani, na halarci kamun wata 'yar'uwata a wani ɗakin taro da ke Unguwan Rimi. Mai ɗaukar hoton matashi ne ɗan Kawo, da wuya in ya haura shekara ashirin da uku. Ana tsakiyar fesa wa amarya turare, dangin ango sun kewaye ta, sai na ga ya sauke kyamara daga fuskarsa ya zuba mata ido. Ya kashe ya kunna, ya cire batir ya mayar, ya sauya memori. Allon bai fasa nuna masa lambar kuskure guda ɗaya ba. Da wayar hannu ya ƙarasa aikin, uwar amarya na bin sa da irin kallon da ba ya buƙatar tafinta.

Daga baya ya shaida mini cewa wata biyu kacal ke nan da ya sayi kyamarar, da kuɗin adashin da ya shekara yana zubi. Mai shagon ya rantse masa cewa wata tsohuwa ce a Turai ta riƙe ta, ba ta ɗauki komai da ita ba sai jikokinta ranar hutu. Da mai gyara ya haɗa ta da kwamfuta, sai ga lissafi ya fito: ta ɗauki hoto fiye da 200,000. Lambar nan tana cikin kyamarar tun ranar da ya miƙa kuɗinsa. Ba a dai ajiye ta inda idonsa zai kai ba.

A cikin yawancin kyamarorin da masu hotonmu ke rataye da su akwai wani ɗan ƙarfe da suke kira shota. Labule ne guda biyu na siraran faranti da ke tsaye a gaban sensa, wato farantin da ke karɓar haske. Duk sa'ad da aka danna maɓalli, na farko ya buɗe, na biyu ya bi shi ya rufe, hasken ya taɓa sensa na ɗan lokacin da kan ƙanƙanta har zuwa kashi ɗaya cikin 8,000 na daƙiƙa a manyan kyamarori. Abin da ke motsi kuwa dole ya gaji. Kamfanonin da kansu sukan faɗi adadin da suka gwada shi a kai: Canon 6D 100,000, Canon 5D Mark III da Nikon D750 150,000 kowannensu, Nikon D810 200,000. Ga mai ɗaukar jikoki ranar hutu, wannan adadi ya ishe shi har ya bar wa magada. Mai hoton biki lissafinsa daban ne. A ce yana ɗaukar hoto dubu a kowane aure, daga kamu zuwa ɗaurin aure da walima da buɗar kai, kuma yana samun aure biyu a mako. Cikin shekara ɗaya da rabi ya cinye 150,000.

Kowace kyamara tana ƙirga wannan da kanta, kuma ba shi kaɗai take ƙirgawa ba. Menu ɗin da muke gani tamkar zaure ne, inda ake tarbar baƙo. Daga ciki akwai ƙuryar da masana'anta ta gina wa injiniyoyinta da masu gyaranta, kuma mabuɗin kowace iri daban ne. A kyamarorin Olympus, waɗanda tun 2021 suka koma hannun kamfanin OM Digital Solutions, sai mutum ya riƙe maɓallin menu yayin kunnawa, ya shiga wurin daidaita hasken allo, sannan ya danna sama, ƙasa, hagu, dama da maɓallin ɗauka a jere, kamar mai buɗe kwaɗon lamba. Sai wasu shafuka su bayyana da haruffa da lambobi, harafin R na nufin yawan ɗauka, S kuma yawan walƙiyar filashi. A Lumix na Panasonic wata haɗakar maɓallai ce ke fito da SHTCNT da PWRCNT, wato sau nawa shota ya motsa, sau nawa aka kunna na'urar. Nikon da Pentax sukan rubuta lambar a cikin bayanan da ke maƙale da kowane hoto, ta yadda manhaja irin ExifTool, wadda Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003, za ta iya karanto ta. Yawancin kyamarorin Canon kuwa ba sa rubuta ta a hoto, sai an haɗa su da kwamfuta ta wayar USB an tambaye su da wata manhaja. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin nan da littafin da ke zuwa cikin kwali yake koyarwa. Masu sha'awa ne suka tono su suka yaɗa a tsakaninsu.

Ra'ayina shi ne ƙuryar nan ta haɗa kaya iri biyu da bai kamata a kulle su da kwaɗo ɗaya ba. Akwai labari, akwai kuma iko. Labari shi ne ƙididdiga da tarihin kurakuran da na'ura ta taɓa yi. Karanta shi ba ya ɓata komai. Iko shi ne damar sauya ma'aunan da aka saita wa wannan kyamara ita kaɗai a masana'anta: daidaiton fokas, ma'aunin launi, taswirar ɗigon sensa da suka mutu don a rufe gurbinsu. A kan na biyun ina tare da kamfanoni. Wanda ya shiga ya taɓa abin da bai sani ba zai iya fitowa da kyamarar da ke kunnuwa lafiya amma duk hotunanta dishi-dishi, kuma babu maɓallin da zai mayar da ita yadda take, domin lambobin da ya goge nata ne, ba a kwafo su daga wata. Duk wanda ya taɓa miƙa wayarsa ga yaro na minti biyar ya san dalilin da ya sa ake kulle wasu ƙofofi.

Amma wace ɓarna ce za ta auku in mai saye ya ga sau nawa shota ya motsa? Canon da kanta ta amsa wannan tambaya. A cikin EOS-1D X, babbar kyamararta ta ƙwararru da ta shiga kasuwa a 2012, akwai shafi a fili cikin menu da ke nuna lambar na'ura da adadin ɗauka, an taƙaita shi zuwa dubu-dubu. Ashe abu ne mai yiwuwa, ba kuma ya cutar da kowa. An dai nuna shi ga mai sayen mafi tsada, an ɓoye shi ga mai sayen na ƙasa.

A Tokyo ko Landan wannan ƙaramin abin haushi ne, domin mutum na iya sayen sabuwa da garanti, in ta lalace ya miƙa wa kamfani. A Kaduna lamarin ya fi haka nauyi. Ka dubi masu hoto a Gamji ranar hutu, ko a dandalin Murtala ranar taro, ko a ƙofar ɗakunan biki na Malali da Unguwan Sarki. Mafi yawan abin da ke wuyansu na hannu ne, ya yi rayuwarsa ta farko a wata ƙasa, ya sauka a Legas, ya biyo mota zuwa Arewa, ya ratsa hannu uku ko huɗu kafin ya iso. Ba kwali, ba garanti, ba tarihi sai abin da mai sayarwa ya ga damar faɗa. Shi kansa mai shagon sau da yawa bai sani ba. Yadda aka faɗa masa a Ikeja haka ya maimaita, ya ɗan ƙara gishiri. Duhun da kamfani ya bari a kan wannan lamba, a ƙarshe kan wanda ya fi kowa ƙarancin jari yake sauka.

Abin mamaki shi ne mu ba baƙin wannan hikima ba ne. Ba mai zuwa Zangon Tudun Wada sayen ragon layya ya tsaya ga kyan gashi. Sai ya buɗe bakin dabbar ya dubi haƙora. Mai sayen mota 'yar Kwatano yakan fara leƙa mitar tafiya, duk da ya san ana juya ta, kuma Amurka ta haramta juya tan a dokar tarayya tun 1972. A shagunan waya na titin Ahmadu Bello da kewayen kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, yara ƙanana sun san su danna *#06# su ga lambar IMEI, su danna *#0*# a Samsung su gwada allo da lasifika. Mai sayen iPhone ta hannu kuwa tambayarsa ta farko ita ce lafiyar batir kashi nawa. Wannan tambayar ba ta daɗe da samuwa ba. Sai da Apple ta amsa a watan Disamba na 2017 cewa tana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa, duniya ta yi mata ca, sannan a Maris na 2018 ta fito da shafin lafiyar batir a fili. Lamba ɗaya da aka ɗauko daga ƙurya aka kawo zaure ta sauya yadda ake cinikin waya har a Kaduna.

Akwai kuma wani nau'in abin da ake kullewa wanda ba don kare kyamara aka kulle shi ba. Shekaru da dama kyamarorin hoto masu ɗaukar bidiyo sukan tsaya cak a minti 29 da daƙiƙa 59. Zafi da girman fayil suna da nasu iyakokin, amma wannan adadi takamaimai daga kwastan ɗin Tarayyar Turai ya samo asali: na'urar da ke ɗaukar minti 30 ko fiye a jere ana lissafa ta kyamarar bidiyo, a ɗora mata haraji, ta hoto kuwa ba a ɗora mata. An janye harajin a 2019, amma kyamarorin da aka ƙera kafin nan su ne a kasuwarmu yau. Wato wanda ke ɗaukar tafsirin azumi a Masallacin Sultan Bello dole ya riƙa duban agogo saboda wata doka ta Brussels da ta riga ta mutu. Irin wannan ne ya haifar da Magic Lantern, manhajar kyauta da Trammell Hudson ya faro a 2009 don Canon 5D Mark II. A kan memori ake ɗora ta, ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ta kamfani, ta nuna ma'aunin sauti da adadin shota, ta kuma sake fara ɗauka da kanta in bidiyo ya tsaya. Ba na ce kowa ya ruga ya ɗora ta ba, musamman a kan kyamarar da ita ce abincinsa. Abin da ta tabbatar dai shi ne na'urar ta fi ƙarfin abin da aka bar mai ita ya taɓa.

Ko iko ɗin da na yarda a kulle, tambayar ita ce a hannun wa mabuɗin zai zauna. In an sauya shota ko allon lantarki, ana buƙatar manhajar kamfani don sake saiti, ita kuwa cibiyoyin da kamfani ya amince da su kaɗai ake ba. A 2012 Nikon ta daina sayar wa masu gyara masu zaman kansu kayan gyara a Amurka. In mai shago a can ya ji jiki, ina ga wanda ke zaune a ƙaramin shago a Kaduna da sukundireba da fitila, yana ciro lafiyayyen ƙarfe daga matacciyar kyamara yana dasa wa mai sauran numfashi? Hana yaro wuƙa daidai ne. Mahauci ake hanawa a nan.

Kada kuma a ɗauki lambar a matsayin hukuncin alƙali. Adadin da kamfani ya faɗa kiyasi ne na gwaji. Wani shota kan mutu tun bai kai rabi ba, wani ya ninka. Ana iya sauya shota a bar lamba tana da yawa, ana iya sauya allon lantarki lamba ta koma ƙasa alhali jikin ya tsufa. Kyamarar da ta shekara tana ɗaukar fim za ta nuna lamba kaɗan, domin sa'a guda ta bidiyo ba ta motsa labulen kamar hoto dubu, amma sensa ya sha zafi. Ƙurar hunturu da fumfunar damina ba sa cikin lissafi. Sababbin kyamarori ma sun fara rabuwa da labulen baki ɗaya, kamar Nikon Z9 ta 2021, sai dai kafin irinsu su zama kayan gwanjo a nan da sauran shekaru. Haƙori ba ya faɗa maka ko rago na tari, amma ba wanda ya daina duba shi saboda haka.

Ba na tsammanin Canon ko Sony za su sauya menu don wani ya yi rubutu daga Kaduna. Abin da ke hannunmu ya fi kusa. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayar da kayan hannu ko wanda aka yi wa kwaskwarima ya bayyana hakan. Ƙungiyoyin masu hoto na unguwanni, waɗanda suke iya tsayar da farashin hoton fasfo, suna iya tsayar da cewa ba a cinikin kyamara tsakanin 'ya'yansu sai an karanta lamba a gaban shaida an rubuta ta a rasit tare da lambar na'ura. Mai saye ya je da memorinsa da kwamfuta ko da ta aro ce. In Nikon ce, ya ɗauki hoto ɗaya ya karanta shi kai tsaye daga memori, kada ya tura ta WhatsApp, domin yana share bayanan da ke maƙale da hoto. In Canon ce, ya riƙe wayar USB. Mai shagon da ya ce ba ya son a haɗa kayansa da kwamfuta ya riga ya ba da amsa.

Matashin nan na Kawo ya jira mako uku kafin a samo masa shota daga wata matacciyar kyamara a Legas, aure biyu suka wuce shi a tsakani, ya mayar da kuɗin kafin alƙalami na ɗaya. Ya koma shagon da ya saya da rasit ɗinsa a hannu. Abin da ke rubuce a jiki shi ne kwanan wata, da kuɗi, da kalma biyu: kyamara ɗaya.