Filin Anti: Ke 'Yar Gidan Wa Ce?

Yau mun ɗan jingine zancen samari da kayan lefe, asali za mu taɓa.

Kwanan baya ƙanwata ta ce da ni, "Yaya, wai ya sunan mahaifiyar Kaka?" Wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Abin da kawai na sani shi ne Kaka tana da wani yaya da ya tafi Makka a ƙasa, aka ce ya zauna a Sudan. Kaka ta rasu, ta tafi da sauran labarin.

Wannan ya tuna mini mutanen ƙasar Ayaland. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, abincinsu na kullum. Yunwa ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kamarsu suka yi hijira zuwa Amurka, Ingila da Kanada. Jikokinsu kuwa har yau suna bin takardu suna neman tushensu. Aikin da wuya, don a 1922 gobara ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dablin lokacin yaƙin basasa, akasarin takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851 suka ƙone. Sai dai ƙidayar 1901 da ta 1911 sun tsira, suna nan a intanet kyauta. Akwai kuma rajistar haihuwa da mutuwa tun daga 1864, da littattafan coci, da jerin sunayen fasinjojin jirgin ruwa.

Ku ji labarin wata budurwa sa'arku, Annie Moore. Shekarunta 17 ta shiga jirgi daga yankin Kok da ƙannenta maza biyu, za su tarar da iyayensu a Niyok. Ranar 1 ga Janairu 1892 ita ce ta farko da aka rubuta a sabon ofishin baƙi na tsibirin Ellis, har aka yi mata kyautar zinariyar dala 10. Daga nan sai shiru.

Shekaru da dama ana ta cewa Tekzas ta koma, har wasu iyali suna tinƙaho da ita. Ashe mai sunanta ce! Sai a 2006 wata mai binciken asali, Megan Smolenyak, da abokan aikinta suka bi takardu suka gano gaskiya. Annie ba ta bar Niyok ba. Ta auri wani mai aiki a kasuwar kifi, ta haifi 'ya'ya aƙalla goma, da yawansu suka rasu suna ƙanana. Ta mutu a 1924, kabarinta ko alama babu sai a 2008. Allah sarki!

Kun ga, suna kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da shekara, gari da sunayen 'yan uwa.

To 'yan matana, ga aikin hutu. Ki sami littafi, ki zauna gaban Kaka ko Gwaggo. Tambayi sunan iyayensu, garinsu, sana'ar gidan, wa ya yi ƙaura, ina ya nufa, a zamanin wane sarki. Ki rubuta, har bayan tsofaffin hotuna. Wata rana 'yarki za ta tambaye ki, kada ki yi tsuru-tsuru irin nawa.

Ni dai na makara. Ku kada ku bari.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum,
Anti