Zoben Babban Yatsa Ba Lalaci Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, wasu cikin mawaƙanmu suna yi wa mai kaɗa jitar bes dariya domin yana sa zoben roba mai ɗan harshe a babban yatsa. Wai lalaci ne. Ni ban yarda ba.

Tsirkiyoyin bes huɗu masu kauri ne, yatsan sabon shiga yakan yi bororo kafin a tashi sujada. Zoben yana kare yatsa, yana kuma fitar da amo sarai. Ko jitar bes ta Fender ta 1951, da babban yatsa aka shirya a kaɗa ta. Mai garaya ma da 'yar fata yake kiɗa, wa ya taɓa kiransa rago?

Kada dariyarmu ta kori ɗan'uwa daga hidimar Ubangiji.