A Koya wa Ɗalibanmu Tsallake Titi Kafin Su Tafi

Sai a 1971 aka buɗe karatun jami'a a Yamai. Kafin nan duk ɗan Nijar mai neman ya zama likita ko injiniya sai ya fita waje, kamar Dakar ko Faransa. Har yau yaranmu suna fita, wasu Kano da Zariya, wasu Kwatano da Akara, wasu har Indiya da Malesiya. Ana duba musu fasfo da biza da takardar rigakafi, amma ba mai ce musu uffan game da titi.

To, ga abin da ba a faɗa musu. A nan Nijar mota hannun dama take bi. Yaron Maraɗi ko na Damagaram in zai tsallake titi, hagu yake fara dubawa, kuma ba da tunani yake yi ba, wuyansa ne ya saba. A Ingila, Indiya, Malesiya, Kenya da Uganda kuwa mota hannun hagu take bi. Motar da za ta fara iske shi daga dama take fitowa, shi kuma yana can yana duban hagu. Najeriya ta bar tuƙin hagu a 1972, Gana a 1974, don haka mai zuwa can ya huta da wannan. Nasa haɗarin shi ne hawan kabu-kabu ba hular kwano, da motar dare da ake shiga don ragin kuɗi.

Kada a ce ƙaramar magana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 hanya tana cin rai kusan miliyan 1.19 kowace shekara, kuma ita ce kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Indiya kaɗai ta rasa mutum fiye da 160,000 a 2022.

Da guminsu manomin gero da mai kiwo suka biya karatun yaron nan. In ya mutu a titin wata ƙasa, garin da ke jiran likita ya ci gaba da jira.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar ilimi: kada a sallami ɗalibi sai an zaunar da shi, an gaya masa hannun da mota ke bi a ƙasar da za shi, an ba shi lambar wayar ofishin jakadancinmu, an tabbatar yana da inshorar asibiti. Tsofaffin ɗalibai su tarbi sababbi, su zaga gari da su a ƙafa a makon farko. Iyaye kuma, in kuna haɗa guzuri, ku ware kuɗin hular kwano.